Yadda ake ƙara gini a asibiti a Ingila, bishiyoyi na nan tsaye

Salamu alaikum mutanen Zazzau, ya zafi? Na san yanzu bazara ta kankama. Kullum labarin da muke kawo muku daga nan bai wuce tsadar haya da sanyi da layin ganin likita ba, kuma gaskiya ne, a nan sai mutum ya yi watanni yana jiran tiyata, wannan kam ba abin sha'awa ba ne. Amma akwai wani abu da nake gani a asibitin da nake aikin nas wanda wallahi ya tsaya min a rai.

Ana mana sabon ɓangare na masu haihuwa, to tun kafin a zana taswirar ginin sai da aka kawo masanin itatuwa ya bi bishiyoyin harabar ɗaya bayan ɗaya, ya auna kaurinsu ya manna wa kowace ƴar lamba ta ƙarfe, ya rubuta wadda ke da lafiya da wadda ta riga ta ruɓe a ciki. Sai da ya gama sannan mai zane ya fara nasa aikin, shi ya sa ginin ya ɗan karkace ta gefen gabas saboda wasu manya guda biyu da aka ce ba za a taɓa ba. Ƙa'idarsu ita ce a auna kaurin gindin bishiya a ninka sau 12, idan kaurin rabin mita ne to mita 6 ke nan ta kowane gefe, a zagaye wurin da shingen ƙarfe, babu tipa babu ajiye bulo babu wanke kwanon siminti har a gama aiki. Na tambayi wani ma'aikaci dalili ya ce yawancin saiwar bishiya ba can ƙasa take ba, a sama-sama take ta bazu, idan mota mai nauyi ta danne ƙasar iska da ruwa ba sa shiga, bishiyar ba ranar za ta mutu ba sai bayan wasu shekaru ta fara bushewa daga sama, lokacin ɗan kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa.

Nan take na tuna gida, domin mu ai inuwar bishiyar ita ce wurin zuba yashi, nan ake kwaɓa siminti nan ake buga bulo, in ta mutu a ce kwananta ne ya ƙare.

Kuma a nan Ingila akwai doka a kan kare bishiya, ba ganin dama ba ne. Ƙaramar hukuma tana iya sa wa bishiya takardar kariya, ka sare ta ba izini sai kotu da tara mai nauyi. Tun 2024 ma an wajabta wa yawancin sabbin gine-gine a Ingila su bar wurin da ƙarin kashi 10 cikin 100 na tsirrai da mazaunin halittu a kan abin da suka tarar, kuma a kula da shi shekara 30. Likitocin nan suna yawan kawo binciken wani masani mai suna Roger Ulrich na 1984 a Amurka, inda marasa lafiyan da aka yi wa tiyata kuma tagarsu ke kallon bishiyoyi suka riga masu kallon bango barin asibiti, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi sosai ba.

Abin da ke damuna shi ne mu muka fi su bukatar wannan. Su nan rana ma nemanta suke, kuma babu ƴan uwa masu jinya da ke kwana a waje, ƙarfe takwas ta yi kowa ya tafi gida. Mu kuwa duk wanda ya taɓa jinya a asibitin Shika ko na Ƙofar Gayan ko na Wusasa ya san ina rayuwa take, ƙarƙashin dalbejiya da maɗaci da mangwaro, nan ake shimfiɗa tabarma, nan kular abinci da buta da filas suke, nan tsohuwa ke jan carbi tana jiran a fito da ɗanta daga tiyata. Ka sare bishiya ɗaya ka kori mutum nawa zuwa rana? Rumfar kwano ba ta maye gurbinta, da azahar kamar tanda take.

Ba na cewa kar a yi gini, muna bukatar gadaje ƙwarai, na san mata nawa ke rasa wurin kwanciya. Amma igiyar awo da shinge ba wani kuɗi ba ne idan aka kwatanta da kuɗin ginin, kuma masana ba sai an ɗauko daga waje ba, ga su nan a Samaru, jami'ar ABU na da masana tsirrai da masu zanen gini. A sa a cikin takardar kwangila cewa duk bishiyar da ta mutu sai an cire kuɗinta daga kuɗin ɗan kwangila, a riƙe wani abu sai bayan damina biyu ko uku. Wanda ke da ɗan uwa a kwamitin wani asibiti ko ma'aikatar ayyuka don Allah ya isar masa da wannan maganar tun kafin a kawo katafila.