Waya ko kyamara: me ya kamata ka saya don ɗaukar hoton ƙaramin jirgin ƙasanka?

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan falanki, ya gina tasha da kwali, ya tankaɗe jar ƙasa da rariya ya manna ta da gam a gefen dogo, ya san takaicin da ke biyo baya. A ido aikin ya fito. Da an ɗauki hoto an tura wa mutane, sai ka ji an ce, "Kai, wannan kayan wasan yaran sun yi kyau." Daga nan mutum yake fara ƙudurin sayen babbar kyamara, kuma a nan ne kuɗi ya fi tafiya a banza.

Masu wannan sha'awa a Kano ba su taka kara sun karya ba. Akwai ɗaliban zanen gine-gine, akwai waɗanda suka taso suna ƙera motar kara da ta langa-langa har girma ya zo hannun bai daina ba. Jiragen kansu yawanci odarsu ake yi daga waje, na Hornby daga Ingila, ko Märklin daga Jamus, ko Kato daga Japan. Tunda an riga an sha tsada a nan, bai kamata a sake shan wata a wajen hoto ba.

Kafin maganar saye, sai an yi ɗan lissafi, domin shi ne zai raba gardamar. Ma'aunin da ya fi yawa a duniya shi ne HO, wato 1:87, ma'ana an rage girman komai sau 87. Na Turawan Ingila, OO, 1:76 ne, sai kuma ma'aunin N, wanda yawanci 1:160 ne. A ma'aunin HO, mutum mai tsayin mita 1.7 bai kai santimita 2 ba. Idan ka tsaya a gaban teburinka ka ɗauki hoto daga tsayin mita ɗaya, a duniyar wannan ɗan mutumin kana tsayin mita 87 ne a sama, inda sai jirgi mai saukar ungulu. Ba wanda ya taɓa ganin jirgin Legas yana shigowa tashar Kano daga can. A gefen dogo ake tsayawa a gan shi, kan jirgin ya yi wa mutum rumfa. Saboda haka tambayar farko ga kowace na'ura ita ce: idonta, wato gilashin da take ɗaukar hoto da shi, zai iya sauka kusa da ƙasa?

A nan waya ta yi wa kyamara fintinkau. Juya ta kawai za ka yi, kanta ya koma ƙasa, idon ya sauka santimita ɗaya ko biyu daga falankin, daidai tsayin mai kallo. Tana kuma shiga lungun da kyamara ba za ta shiga ba, tsakanin tarago da bangon sito, ko ƙarƙashin gada. Babbar kyamara kuwa, ko ka ajiye ta a kan falankin, tsakiyar idonta yana sama da santimita 4 ko 5, wato kamar wanda ya hau soron bene.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, shi ne zurfin abin da ke fitowa garau. Kyamara mai babbar sensa, wato faifan da ke karɓar haske a cikinta, idan ta matso kusa da ƙaramin abu, ɗan siririn wuri take fitarwa tas, gaba da baya duk su yi dishi-dishi. Da ido mai milimita 50, an buɗe ƙofar haskensa a f/5.6, daga nisan rabin mita, wurin da zai fito bai wuce santimita 2 ba. Fuskar kan jirgin ta fito, tarago na farko ya narke. Wannan dishi-dishin shi ne yake tona asiri, domin ido ya saba ganinsa a hoton ƙananan abubuwa kaɗai. Abin da masu hoton biki suke biyan kuɗi mai yawa don su samu, bayan amarya ya dushe, shi ne abokin gabarka. Sensar waya ƙarama ce, don haka zurfin nata ya fi yawa ba tare da ka yi komai ba.

Idan wayar za ka canza, ka je Farm Centre ko Beirut Road da ɗan tarago ɗaya a aljihu. Mai shago zai karanto maka megafiksel 50 ko 108, ka bar shi ya gama. Ɗora taragon a kan kanta, ka matso da babban idon wayar ka ga a ina yake daina kamawa. Sannan ka duba ko tana da wurin saiti da hannu, inda za ka zaɓi ISO, wato ƙarfin jin haskenta, da saurin ɗauka da fokas da kanka. Ƙaramin idon nan na makro, wato na ɗauka kusa-kusa, mai megafiksel 2 da ake liƙa wa wayoyi masu sauƙin kuɗi, kada ka ƙara ko sisi saboda shi. Kuma duk wayar da ka saya, kashe yanayin hoton fuska mai dusar da baya. Raunin waya biyu ne: a ɗaki mai ƙarancin haske hoton yana yin yashi-yashi, kuma tana yawan gyara hoto da kanta har tsatsar da ka zauna ka shafa wa tarago ta goge.

To, kyamara fa? Ba wai ba ta da amfani ba ne. Wanda yake son buga hoto babba ya rataya, ko yake yi wa kamfani samfur yana buƙatar hoton da za a sa a takarda, ita ce tasa. Kuma ba sai sabuwa ba. Ta hannu irin Canon 600D ta 2011 ko Nikon D3200 ta 2012, da idon da ake haɗo su da shi mai 18-55, sun isa, domin wannan idon yana kamawa daga nisan da bai kai santimita 30 ba. Ni na fi karkata ga 600D saboda allonta yana juyawa, ba sai ka kwanta rub da ciki kana leƙe ba. Sai ka tsuke ƙofar hasken zuwa f/16, zurfin ya ninka na f/5.6 kusan sau uku. Kada ka zarce zuwa f/22 ko f/32 da tunanin ƙari, daga nan hoton gaba ɗaya yake fara laushi.

Hanyar da ƙwararru suke bi ita ce tara hotuna. A kafe kyamara, a ɗauki hoto goma ko ashirin, kowanne a matsar da fokas gaba kaɗan, daga hancin jirgi har bangon baya, sannan manhaja ta tsinto wurin da ya fito tas a kowanne ta haɗe su. Helicon Focus da Zerene Stacker na kuɗi ne, Photoshop ma yana yi. Wasu kyamarorin Olympus da Panasonic suna haɗawa a cikinsu. Sakamakon yana rikita mutum, har ya rantse jirgin gaske ne. Amma ka sani aiki ne na kwamfuta da haƙuri, kuma hoto ɗaya zai iya cin yammacinka. Idan ba ka da kwamfuta, rabin dalilin sayen kyamarar ya tafi.

Ta hannu tana da nata bincike. Cire idon ka ɗaga shi ga haske, idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, ajiye. Ɗauki hoton farar takarda a f/16 ka buɗe shi sosai, duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo. Tambayi adadin hotunan da ta ɗauka, ka tabbata akwai caja, ka gwada batirin a gabansa. Farashi dala yake bi, ka zaga shago uku kafin ka ce "sallama".

Da za a tambaye ni ina kuɗin farko zai tafi, ba waya ba ne, ba kyamara ba ce. Mazaunin kyamara mai ƙafa uku ne, da fitila. A f/16 cikin ɗaki, ɗauka ɗaya tana iya kai daƙiƙa guda ko biyu, ba hannun da zai tsaya haka. Dogon nan mara nauyi da ake sayarwa tare da fitilar zobe yana rawa ko da numfashi. Gara gajere mai nauyi na kan tebur, da maƙalin waya mai ƙusar da ake murɗawa, ba mai sifirin ba. Ga wanda aljihunsa ya yi sanyi, tela zai ɗinka ƙaramar jaka a cika ta da gero, a kwantar da wayar ko kyamarar a kai. Sa agogon jinkiri na daƙiƙa 2, ka cire hannunka.

Fitilar zobe kanta ba ta wannan aiki ba ce. Tana daidaita haske ta kashe inuwa, ta kuma bar farin zobe a tagar kowane tarago. Filashi ya fi ta muni. Abin nema shi ne faifan LED mai batir, guda ɗaya mai kyau, wanda aka rubuta masa CRI 90 ko sama, wato ma'aunin fitar da launi na gaskiya, da hasken da za a iya kai shi 5500K, launin hasken rana. Mai batir saboda ɗauke wuta, da kuma hawa da saukar janareto. Ajiye shi gefe ɗaya daga sama, kamar rana ɗaya da Allah ya yi, ka tare ɗaya gefen da farin kwali ya mayar da haske cikin inuwa. Kashe ƙwan ɗakin, don kada rabin hoton ya yi rawaya rabi shuɗi. Mai ɗaukar bidiyo kuma ya tuna wutarmu 50Hz ce, ya sa bidiyon ya ɗauki hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, in ba haka ba zai ga haske yana ƙyaftawa.

Akwai fitilar da ba a saye. Gina ɗan yanki mai tsawon kamu biyu da za ka iya ɗauka, ka fitar da shi tsakar gida ko saman bene da hantsi ko bayan la'asar, ka saita sararin sama na gaske a baya. Banda tsakar rana, musamman a Maris da Afrilu, roba tana lanƙwashewa. Hazon hunturu yana ba da haske mai laushi mai kyau, sai dai ƙura ɗaya a rufin tarago a hoto dutse ce. Buroshin kwalliya mai laushi da famfon iska na roba su shiga cikin lissafinka.

Ɗan ƙarin bayani ga mai son kwaikwayon tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911, da dalar gyaɗa a gefe: faɗin dogonsa milimita 1,067 ne, ya fi na Turai mai 1,435 ƙanƙanta. A ma'aunin HO, dogo mai milimita 12 ne daidai da shi, ba 16.5 da ke zuwa a kwali ba. A hoton da aka ɗauka daga ƙasa, wanda ya san jirgi zai gane bambancin nan take.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto har rubutun jikin tarago ya ɓace. Ka tura shi a matsayin dokumen, ko ka danna HD. Ɗauki hoton a kwance, jirgi dogo ne, sai in don TikTok kake yi, a nan ka fuskanci kan jirgin yana tahowa. Sa sunanka ƙarami a kusurwa, ka rubuta ma'aunin a ƙasa, 1:87 ko 1:160, domin idan hoton ya yi yadda ake so, tambayar farko da za a yi maka ita ce a wace tasha ka ɗauka.