Kafin ka biya kuɗin katifa, ka kwanta a kanta tukuna

Yawancin mutane in sun je sayen katifa abin da suke yi shi ne su danna ta da tafin hannu, ko su ɗan zauna a bakinta, da sun ji tauri sai su ce yawwa wannan ce mai ƙarko. To gaskiya hannu ba zai gaya maka komai ba, don tauri daban, inganci daban. Akwai katifa mai tauri kamar katako amma wata shida ba za ta yi ba tsakiyarta ya lotsa, akwai kuma mai laushi da za ta yi shekaru tana nan yadda take.

In katifar soso ce, abin da ya kamata ka tambaya shi ne densiti, wato kilo nawa soson yake yi a dunƙulen da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗaya ne. Ga babban mutum da zai riƙa kwana a kai kullum, ka nemi wanda ya kai 28 zuwa 30 ko sama da haka, ƙasa da nan ya fi dacewa da yara ko ɗakin baƙi. Amma fa kar ka ce za ka ɗaga ta ka ji nauyi shi ke nan, saboda wasu masu yin soso suna zuba garin alli a ciki don ya yi nauyi, kuma irin wannan ne ke saurin rugurgujewa. Akwai kuma wadda ake yi da gutsattsarin soso a manne su da gam a matse, ita ma nauyi gare ta da tauri sosai, ba wai ba ta da amfani ba ne amma ya kamata a gaya maka ita ce kake saya. In akwai zif ka buɗe ka leƙa, in babu ka ce a nuna maka samfurin abin da ke ciki.

Mai sifirin kuma kala biyu ce. Akwai wadda duk wayoyin a haɗe suke, tana da sauƙin kuɗi amma in abokin kwananka ya juya kai ma sai ka ji gadon ya motsa, in ta tsufa kuma ga ƙara. Ɗayar kowane sifirin yana cikin jakarsa shi kaɗai, ita ce ta fi wa mata da miji, musamman in ɗaya ya fi ɗaya jiki. Duka biyun iska na ratsa su fiye da soso, mai yawan gumi da dare ya lura da wannan.

Memori fom, soson nan da ke ɗaukar siffar jikinka in ka kwanta, wanda asalinsa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ce aka yi wa shi a 1966 don kujerun jirgi, yana da daɗi a kafaɗa da ƙugu ba ƙarya, sai dai yana riƙe zafi, wasu kuma suna jin wahalar juyawa a kai. Lateks na ƙaron bishiyar roba ya fi shi sanyi da daɗewa, matsalarsa tsada da nauyi.

Maganar masu ciwon baya ita ce ta fi damuna wallahi, don an saba cewa su nemi mafi tauri, sai ka ga mutum ya kashe kuɗinsa kan wadda aka rubuta wa otofedik, wai ta masu ciwon ƙashi da baya, yana tashi da ciwon kafaɗa. Wannan sunan fa talla ce, kowane kamfani zai iya manna shi. A 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifaniya kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, kuma waɗanda suka kwana kan mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu kwana kan mai tauri sosai.

Don haka ka cire kunya, ka cire takalmi ka miƙe a kai kamar minti 10 zuwa 15, yadda ka saba kwanciya a gida. In rigingine kake kwana ka zura hannu ƙarƙashin ƙugunka, in ya shige fayau da sarari to ta yi maka tauri, in ya ƙi shiga sam ta yi laushi da yawa. Mai kwana ta gefe kuma kafaɗa da kwankwaso su ɗan nutse, wani ya tsaya ya duba ko ƙashin bayanka ya miƙe. Ka zauna a gefenta ma ka ga ko za ta zame da kai.

Garanti kuwa ka karanta shi da kyau, da yawa ba sa karɓar katifa sai lotsawar ta kai wani zurfi da suka ƙayyade, tabo ɗaya kuma na iya soke shi gaba ɗaya. Sannan ka auna gadonka kafin ka fita, ka duba katakan ƙasa, in tazarar da ke tsakaninsu ta wuce inci 3 katifar za ta riƙa zurmawa ciki, kamfanin kuma zai ce laifin gadonka ne.