Na'urar ƙara ji ko dashen kunne: abin da iyaye za su auna kafin su fitar da kuɗi

Iyayen da aka shaida wa cewa ɗansu ba ya ji sosai sukan fara da tambayar kuɗin na'ura, alhali awon jin yaron ne ya kamata ya zo farko. A sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Babban Asibitin Ƙasa da ke Yamai, likita zai duba ko datti ne ya toshe kunnen ko ruwa ne ya taru a ciki, domin waɗannan magani suke so, ba na'ura ba.

Idan yaro yana da sauran ji, na'urar ƙara ji ce zaɓin farko, musamman wadda ake rataya wa a bayan kunne, saboda robar da ke shiga ciki ita kaɗai ake sakewa yayin da kunnen yake girma. Dole ne a saita ta bisa sakamakon awon yaron. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar sayen masu arahar da ake bajewa a kasuwa, waɗanda ke ɗaga kowace ƙara ba tare da bambancewa ba, har su iya ɓata ɗan jin da ya rage. A zaɓi mai murfin batir da ke kulluwa, domin haɗiye batir haɗari ne babba ga ƙaramin yaro, a kuma riƙa goge ta kowane dare saboda gumi da ƙurar hunturu.

Dashen kunne na yaron da na'urar ba ta amfane shi ba ne. Ana yin tiyata a zura siririyar waya a sashen can ciki mai siffar katantanwa, ta riƙa kai saƙo ga jijiyar ji kai tsaye, sai bayan ƴan makonni a kunna ɓangaren waje, wanda ke ɗaukar sauti ya aika wa wayar. Cochlear da MED-EL da Advanced Bionics su ne manyan masu ƙera shi, kuɗinsa kuwa miliyoyin sefa ne. Amma a ganina, sunan kamfani bai kai waɗannan tambayoyi nauyi ba: wa zai riƙa saita shi a Yamai, ina za a samu wayar ɓangaren waje idan ta tsinke, wa zai koya wa yaron magana shekara da shekaru? Iyalin da ke Tawa, mai nisan fiye da kilomita 500, su lissafa har da kuɗin zirga-zirga.

Dashen ya fi amfani idan an yi shi a shekarun farko na rayuwa. Yaron da sanƙarau ya kurmantar kuwa ba a jira da shi, domin ƙashi na iya toshe katantanwar cikin ƴan watanni, wayar ta kasa shiga.

Kowanne aka zaɓa, a fara maganar hannu da yaron tun yanzu, gida duka ya koya, domin ba ta hana shi koyon magana da baki.