Makirin Talotalon Daji: Mai Falle Biyu Ko Mai Uku?

Masu sha'awar farautar talotalon daji a Amurka sun sha tambayata wane makirin baki ya kamata su saya. Ɗan faifai ne mai siffar kofaton doki, da siraran fallayen roba, ana manna shi a ganɗa a hura, ya kwaikwayi kukan mace don namiji ya matso.

Mai falle biyu marar tsaga ba ya cin numfashi sosai. Muryarsa garau take, kuma sabon shiga kan shawo kansa da wuri. Sai dai in iska na kaɗawa, sautinsa ba ya nisa sosai.

Mai uku da aka tsaga fallen samansa kuwa yana da ƙara da kaushin murya irin na tsohuwar macen talotalo, irin wanda ke tsuma namiji. Amma yana son numfashi da horon harshe, kuma kuskure ɗaya na iya sa tsuntsun ya tsargu. Ni dai na fi jin daɗinsa a fili mai faɗi.

Kuɗinsu kusan ɗaya ne. Zafin rana na lalata robar duka biyun, mai uku kuma ya fi saurin mannewa in ba a ɗauraye shi ba.

Mai koyo da mai kira a kusa, falle biyu ya ishe su. Wanda bakinsa ya goge kuma yake kira daga nesa, ya ɗauki mai uku.