Sarƙa, Giya da Sifirin Baya: Abin Dubawa Kafin Sayen Velomobil a Damagaram

Velomobil keke ne na kishingiɗe, galibi mai taya uku, biyu a gaba ɗaya a baya, wanda aka lulluɓe da ɓawo domin ya ratsa iska. Nauyinsa yakan kai kilo 25 zuwa 35, sarƙarsa kuma ta kusan ninka ta keken gida sau uku, saboda feda tana can gaba, tayar da ke turawa tana baya. A wannan doguwar tafiya ƙarfin ƙafa yake zubewa, don haka mai saye ya fara leƙa ƙananan gargaren da sarƙa ke bi ta kansu. Masu haƙora kuma masu faɗi sun fi na roba zalla, musamman a ɓangaren da sarƙa ke ɗaukar nauyi.

Giya iri biyu ce. Ta waje, wadda sarƙa ke tsallakawa daga faifai zuwa faifai, ta fi araha da rashin nauyi, kuma idan tana da tsabta ƙarfin da take ci kaɗan ne ƙwarai. Ta ciki, irin Rohloff ta Jamus mai giya 14, a rufe take cikin mai, ana sauya man bayan kilomita 5000 ko sau ɗaya a shekara, ana kuma iya canza giya ko keken yana tsaye. Wanda ya san ƙurar hunturu a garin nan zai ga amfaninta nan take. Sai dai tana da tsada, kuma a keke irin Quest na Holan, wanda tayarsa ta baya ke riƙe ta gefe ɗaya, ba ta shiga cikin tayar, sai an ɗora ta a tsakiya da sarƙa ta biyu, abin da ke ƙara nauyi da goga. Ni dai na fi karkata ga ta waje, domin mai gyaran keke a kasuwar Dole zai gane ta. Sharaɗin kawai shi ne a shafa wa sarƙa kakin zuma ko na kyandir maimakon mai, tunda mai da rairayi in sun haɗu fayil ɗin goge ƙarfe suke zama.

Batun sifirin baya, wato abin da ke shanye girgizar hanya a tayar baya, ya fi kowanne muhimmanci, don ya shafi rai. Idan ya yi tauri, tayar baya za ta riƙa tsalle a kan gargada, kuma da zarar ta bar ƙasa ana cikin gudu, keken na iya juyawa. Idan ya yi laushi, kowace takawa sai ya lotsa ya shanye ƙarfi. Sifirin mai iska ya fi sauƙin daidaitawa da famfo, amma ba a samun robobinsa a nan. Na ƙarfe mai murɗe da mai a ciki ya fi nauyi, ya kuma fi juriya, shi nake ba da shawara ga mai bin hanyar Mirriya ko Magariya. Kowanne aka zaɓa, a zauna ciki da kayan tafiya a auna: ya lotsa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iyakar motsinsa.