Majigi, talabijin ko kwamfuta: wanne ya dace makarantar ƙauye ta saya?

Da zarar kuɗi ya shigo hannun kwamitin makaranta, ko daga tsofaffin ɗalibai ko daga wani ɗan gari da Allah ya buɗa wa, maganar da ake fara yi ita ce a sayo kwamfuta. Dalilin a fili yake. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta, kuma babu uban da yake so ɗansa ya fara taɓa na'urar ranar da aka kai shi cibiyar jarrabawa a Dutse ko Kano. Amma shawarata ga hedimasta da 'yan kwamiti, kafin a kama hanyar Farm Centre ko titin Beirut, kasuwannin na'urori na Kano, a zauna da malamai a ji darasin da ke ba su wahala, sannan a duba wutar da za ta tayar da abin da za a saya.

Wutar ita ce tushe. Makarantu da yawa a karkarar Gumel, Ringim, Sumaila ko Gwarzo ba su ga wayar lantarki ba ma, inda kuma aka ja ta, ba a san lokacin zuwanta ba. Janareta kuwa kullum sai an nemi kuɗin mai, ga ƙara da ke hana yara jin malam. Don haka a fara ware kuɗin sola: faranti, batir da inbata. Batirin litiyom ya fi tsada amma ya fi daɗewa, kuma ba ya buƙatar a riƙa zuba masa ruwa kamar na gargajiya, wanda sau da yawa yake mutuwa a dogon hutu saboda babu mai duba shi.

Mafi arha cikin kayan aiki ita ce wayar malam da ƙaramar lasifika mai caji. Kada a raina ta. Ga ajin firamare ɗaya zuwa uku, inda babban aiki shi ne sautin haruffa da karatu, ko Islamiyya da ake son yara su ji ƙira'a mai kyau, wannan ya wadatar. Malam zai iya sauke gajerun labaran Hausa na shafin intanet na African Storybook kyauta idan ya shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, ya dawo da su a waya. Naƙasunta ɗaya, yara na baya ba za su ga hoto ba.

Tsakanin majigi da talabijin ne mutane suka fi ruɗewa. Majigi yana burgewa a shago saboda shagon da duhu. A kai shi ajinmu da tagogi a buɗe, wasu ma babu marufi, rana na dukan bango, sai hoton ya dusashe, ka ga yara sun taso gaba suna ture juna. Idan aka rufe tagogi a watan Afrilu, zafi ba zai bari kowa ya zauna ba. Mai ƙwan fitila yakan ci wuta sama da wat 200, kuma ƙurar hunturu tana toshe masa fanka har ya riƙa kashe kansa. Talabijin mai inci 43 kuwa yawanci bai kai wat 100 ba, yana gani tar da rana, ana soka masa filash a kunna bidiyon yadda jini ke zagaya jiki ko yadda iri ke tsiro ba tare da intanet ba. Ni dai talabijin nake zaɓa wa makarantar ƙauye, da sharaɗin a yi masa akwatin ƙarfe mai kwaɗo a bango, kuma in ajin ya cika maƙil a raba yara kashi biyu.

Kwamfuta ta 'yan sakandare ce, musamman 'yan aji biyar da shida. A nan ma ƙaramar laftof ta hannu mai lafiya ta fi ta kan tebur, domin tana da batirinta kuma wutar da take ci kaɗan ce. Biyar masu aiki da jadawalin da kowane ɗalibi zai samu rabonsa a mako sun fi ashirin da ke kulle a ofis an lulluɓe su da leda. Akwai manhajar darussa ta Kolibri da ke aiki babu intanet, da Kiwix da ke ajiye Wikipedia, har ta Hausa, a cikin na'ura. Inda ake samun sabis, akwai dandalin karatu na Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022. Kwamfutar hannu ta shafawa ga kowane yaro kuwa ban ba da shawararta ba, gilashi na saurin fashewa, caji ya zama aiki, mai gyara kuma sai an je birni.

Abin da ya fi damuna shi ne a kunna bidiyo malam ya koma gefe. Bidiyon minti biyar ya isa. A tsayar, a yi tambaya da Hausa, yaro ya fito allo ya zana abin da ya gani, a sa sauran su rubuta a littafi. Malam ya kalli bidiyon tun daren jiya, ya sa shi cikin tsarin darasinsa. Saboda haka a cikin kuɗin a ware na horar da malamai biyu aƙalla, mace da namiji in da hali, don kada a yi wa ɗaya canjin wurin aiki komai ya tsaya.

Ranar saye a tafi da malamin da zai yi aiki da kayan. A kunna a gabansa, a cire laftof daga caji a ga tsawon lokacin da batir zai riƙe, a gwada kowane maɓalli da ramin filash. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'ura da wa'adin garanti a rubuce, a kuma bar wani abu a asusun kwamiti na caja da gyara kafin zangon karatu ya ƙare.