Zaɓen fankar sama: auna ɗakin kafin ka dubi kwali

Yawancin masu sayen fankar sama daga ado suke farawa: wannan mai ruwan zinariya ce, waccan fuka-fukanta biyar, ga fitila a tsakiya. Sai an kai gida mai aikin wuta ya hau tsani sannan a gane cewa silin ya yi ƙasa, ko babu abin da za a rataye ta a jiki, ko kuma ta yi wa ɗakin kaɗan. A ganina ɗakin ne ke zaɓar fanka. Ka ɗauki tef ka auna tsawonsa da faɗinsa, ka auna daga daɓe zuwa silin, sannan ka san abin da ke bayan silin ɗin, kankare ne ko katako ko ƙarfe. Da waɗannan amsoshi a hannunka, rabin fankokin da za a nuna maka sun riga sun fita daga lissafi.

Girman fanka shi ne faɗin da'irar da fuka-fukanta ke zagayawa. Waɗanda aka fi samu su ne inci 36, da 42, da 48, da 56. Wasu kamfanonin da milimita suke rubutawa, inda 900 ke daidai da inci 36, 1200 inci 48, 1400 kuma inci 56. Ƙaramin ɗaki mai kamar ƙafa 8 da 9, inci 36 ta ishe shi. Ɗakin kwana mai ƙafa 12 da 12 yana son inci 42 zuwa 48. Falo mai ƙafa 15 da 15 ko fiye, nemi inci 52 zuwa 56. Idan kuwa dogon falo ne da ya kai ƙafa 20, fanka biyu matsakaita sun fi ƙatuwa guda, domin guda ɗaya tsakiya kawai za ta wadatar, na gefe su yi ta gumi. Inda awon ya faɗa tsakanin girma biyu, ni babbar nake ba da shawara. Babbar fanka da ke juyawa a hankali tana ba da iska mai laushi ba ƙara, ƙarama kuwa sai an ƙure mata gudu, kuma mai barci shi ke jin ƙarar.

Tsayin silin shi ke raba tsakanin fanka mai sanda da wadda ake mannawa a jikin silin. Ƙa'idar da masu ƙera fanka suka saba bayarwa ita ce kada fuka-fukai su gaza ƙafa 7 daga daɓe, kimanin mita 2.1, kuma an fi jin daɗin iskar idan suna tsakanin ƙafa 8 da 9. A bar aƙalla inci 18 tsakanin bakin fiffike da bango ko kan kabad, a kuma bar kamar inci 8 zuwa 12 tsakanin fuka-fukai da silin, domin ta sama fanka ke jawo iskar da take turowa ƙasa. Wannan ne raunin fankar mannawa: ba ta da sararin shan iska, don haka ba ta kai takwararta mai sanda ƙarfi. Amfaninta ɗaya ne, ɗakin da silin ɗinsa bai kai ƙafa 8 ba, inda mai sanda za ta zama haɗari ga dogon mutum ko wanda ya ɗaga yaro sama. Silin mai tsayi sosai kuma, ƙafa 11 ko 12, yana bukatar a sauya sandar da ta zo a kwali da doguwa, in ba haka ba iskar a sama za ta ƙare. Akwai kuma maganar gado mai hawa biyu: idan akwai shi a ɗakin yara, fankar bango ta fi zama lafiya.

Yanzu ga inda kuɗin yake, wato injin. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai tsohon samfuri mai koyil da kafasito, wanda aka daɗe da sani, akwai kuma sabon da ake rubuta wa BLDC, mai maganaɗisu a ciki da ɗan allon lantarki da ke sarrafa juyawarsa. Tsohuwar fanka mai inci 48 tana cin wat 70 zuwa 80 idan an ƙure ta. BLDC mai wannan girman tana cin wat 28 zuwa 35, kuma iskar kusan ɗaya ce. Yi lissafin da kanka: wat 75 na awa 12 a rana ya kama yunit 27 a wata, wat 30 kuma yunit 11 bai cika ba. Fanka huɗu a gida, bambancin ya wuce yunit 60 kowane wata. Ga mai amfani da sola ko inbata kuwa maganar ta ma fi ta kuɗin mita, domin batirin da zai riƙe tsohuwar fanka ɗaya zai riƙe BLDC biyu har da saura. Bayan haka BLDC ba ta ɗumama kamar tsohuwar, kuma da yawansu ba sa rage gudu idan wuta ta yi rauni, alhali mai kafasito da wuta ta ja baya sai ka ga tana juyawa da ƙyar.

To me ya rage wa tsohuwar? Sauƙin gyara, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ta rage gudu, sau da yawa kafasito ne ya gaji, a sauya shi cikin minti kaɗan. Idan ta fara ƙugi, boris ne. Ko koyil ne ya ƙone ana iya sake naɗa shi. Kusan duk mai gyaran kayan wuta ya san cikinta. BLDC kuwa idan allonta ya mutu, sai an samo irinsa daga kamfanin da ya yi ta, kuma allon ba ya son wutar da ke zuwa da ƙarfi farat ɗaya ko tsawa. Saboda haka kafin ka biya, tambayi shekara nawa ne garantin, ko ya haɗa da allon, da kuma inda ake samun allon da rimot idan sun lalace. In babu amsa mai gamsarwa, ajiye ta. Ra'ayina shi ne: ɗakin da fanka ke kwana tana aiki, ko gidan da ke kan batir, BLDC daga kamfanin da ke tsaya wa kayansa. Ɗakin baƙi da ake buɗewa jefi-jefi, tsohuwar ta wadatar, domin ba za ta yi aikin da zai mayar maka da ƙarin kuɗin sabuwar ba.

Idan tsohuwar ka zaɓa, tambayi da me aka naɗa koyil ɗin. Jan ƙarfe ya fi alminiyam ɗaukar wuta nesa ba kusa ba. Alminiyam kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka kawai yake kai wa, yana saurin ɗumi, kuma mahaɗarsa kan saki da daɗewa. Araha ba ta ado a nan. Ɗaga injin a hannu, mai nauyi yawanci ya fi, ko da yake nauyi kaɗai ba hujja ba ne, a nemi abin da aka rubuta a kwali. Duba kuma ƙarfin wutar da aka yi ta dominsa. Fankar da aka ƙera don 120V da 60Hz, irin ta Amurka, ba ta aiki a gidan da ke kan 230V da 50Hz, ƙonewa za ta yi. Masu sayayya ta intanet su ne wannan ya fi kamawa.

Lamba mafi amfani a jikin kwali ita ce yawan iskar da fankar ke turowa a minti ɗaya, wadda ake rubutawa da CMM (awo da mita) ko CFM (awo da ƙafa). CMM ɗaya ya kai kimanin CFM 35. Fanka mai kyau ta inci 48 tana ba da CMM 210 ko sama da haka. Raba wannan lamba da wat ɗin da take ci, wadda ta fi yawan sakamako ita ta fi ba ka iska a kan wutar da ka biya. Yawan fuka-fukai ba ya faɗa maka komai a kan wannan. Uku sun isa, kuma sau da yawa sun fi biyar iska. Ƙarin fuka-fukan ado ne da ɗan rage ƙara. Abin da ya fi tasiri shi ne karkatar fiffiken, kamar digiri 12 zuwa 15, da injin da zai iya jan sa. Fiffiken ƙarfe ya fi yanka iska amma ya fi ƙara da haɗari, na katako ko roba ya fi shiru. A baranda ko wuri mai danshi sai fankar da aka rubuta cewa an yi ta don waje, in ba haka ba tsatsa ta ci injin, katakon ya lanƙwashe.

Regyuleta ma zaɓi ne. Tsohon mai ƙaton akwati yana rage gudu ne ta hanyar mayar da wuta zafi, don haka ko ka sassauta fankar ba ka rage cin wuta sosai ba. Mai lamba ɗaya zuwa biyar da ke aiki da kafasito ya fi shi, ba ɗumi ba ƙugi. Mai murɗawa ba lamba yakan sa injin ya riƙa gurnani a ƙaramin gudu. Kada a haɗa fanka da makunnin rage hasken fitila, kuma yawancin BLDC ba sa son regyuleta kwata-kwata, makunni kawai da rimot ɗinsu. Fanka mai fitila tana da amfani inda mahaɗar wuta ɗaya ce tak a silin. Amma kada a bar wata fitila a saman fuka-fukai, domin hasken zai riƙa walƙiya a ɗakin har ya dami ido.

Wani abu da ke shafar lissafin saye: fanka ba ta sanyaya ɗaki. Aikinta irin na mafici ne, tana busar da gumi a fata sai jiki ya ji sanyi, don haka barinta a kunne ba kowa a ɗakin asarar wuta ce. Amma tare da na'urar sanyaya ɗaki tana rage kashe kuɗi, domin za ka iya ɗaga ma'aunin na'urar da kamar digiri 2 ba tare da ka ji bambanci ba. Masu zama inda ake hunturu mai tsanani su nemi wadda ake juya mata akala, ta riƙa sauko da ɗumin da ya taru a sama.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne ratayewa, kuma shi ne mutane suka fi yi wa rowa. Fanka nauyi ce mai motsi a saman kan iyalinka, sa'o'i da yawa kowace rana. Silin na allo ko filasta ko roba ba ya ɗaukar ta, haka ma ɗan akwatin da ake maƙala fitila. A rufin kankare, mafi kyau ita ce ƙugiyar rodi da aka binne tun lokacin zuba kankaren. In babu, a huda a kafa ƙugiya da noti na ƙarfe masu buɗewa a cikin ramin, ba sukuru mai robar bango ba. A rufin katako, sai a jikin ƙaƙƙarfan katakon da ke ɗauke da rufin, ko a gitta ƙarfe tsakanin biyu daga cikinsu. Idan akwai silin na ado a ƙarƙashin kankare, sandar ce za ta ratsa shi ta kai ga ƙugiya, shi silin ɗin bai ɗauki komai ba. Wanda ke gini yanzu ya sa a yi wannan kafin a rufe, domin daga baya sai an fasa.

Buɗe kwalin a gaban mai sayarwa ka tabbatar akwai robar da ke zama tsakanin ƙugiya da sanda, da noti, da ɗan fil ɗin da ake lanƙwasawa don kada notin ya kwance, da wayar ƙarfe ta kariya da ke riƙe fankar idan wani abu ya saki. Masu haɗawa da yawa suna jefar da fil ɗin da wayar don gaggawa. Tsaya a kansu har a saka. Aikin wutar kuma a bar wa ƙwararre: a kashe babban makunnin gidan, a gwada da testa, makunnin bango ya zama a kan waya mai wuta, a kuma haɗa wayar ƙasa, wato wadda ke kare mutum daga jan wuta.

Bayan an gama, kunna ta a kowace lamba ka tsaya ka kalla. Idan tana rawa, a kashe a ƙara ɗaure sukurorin fuka-fukai, a auna nisan bakin kowanne daga silin a ga ko ɗaya ya lanƙwashe. Fuka-fukan kwali ɗaya an daidaita nauyinsu tare, saboda haka idan fanka biyu ka saya kada a cakuɗa su. Bayan wata guda a sake hawa a duba notin da sukurorin, sannan a riƙa goge ƙurar fuka-fukai, domin ita ma idan ta taru tana sa fanka rawa.